Jita Mai Tsattsewa

Nasarawa, Kaduna
8 ga Yuli, 1979

Kawu Daniel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a Legas, kai da gwiwar nan taka da ke sanar da zuwan ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Mu nan lafiya ƙalau. Matata Abigail na gaishe ka. 'Yarmu Hope ta fara tafiya, kuma wurin da ta fara nufa da ƙafarta shi ne kwanon miyar maƙwabta. Inna ta aiko daga Bukuru cewa bayanta ya yi sauƙi. Ta ce in tuna maka cewa kai ɗan ƙanen babanta ne, ba baƙo ba, amma shekara uku ke nan aikin lantarkin tashar jiragen ruwa ya hana ka leƙo gida.

Albishirinka! Ka san ran ɗaya ga Oktoba soja za su koma bariki su bar wa farar hula. To, ma'aikatan masaƙu na Kakuri za su yi biki a filin ƙwallo ran nan, daga tsakar rana har yamma, kuma ƙungiyar kiɗanmu aka zaɓa. Victor, shugabanmu, mutumin Binuwai mai busa ƙaho, ya ce ni zan ja gaba da jita. Ni, Ishakunka, wanda ka koya wa danna wayar jita a bayan shagon lantarki na kamfanin kuza! Tun da aka faɗa mini, ko a bakin injin saƙa murmushi nake yi, har fomanmu ya tambaye ni ko lafiya.

Sai dai jitar da ka ba ni, Mai Tsattsewa, ba ta da lafiya. Rufin ɗakinmu ya yi yoyo a ruwan farko, daidai inda nake rataye ta. Wuyanta ya lanƙwashe, wayoyin sun yi nisa da katako, kuma da zarar na jona ta da lasifika sai ta kama gunji kamar an taɓa gidan zuma. Victor ya ce in ɗauki jitar Amurka da ƙungiya ta samu bara. Na ce Allah ya kiyaye. A gaban kowa na rantse ba zan hau dandamali da wata jita ba sai ta kamfanin Tsattsewa. Shekara goma sha biyu ina faɗa wa duk mai kunne a Kakuri cewa babu kamfanin da ya kama ƙafarsu, yanzu kuma a gan ni rungume da wata? Victor ya ba ni zuwa ashirin ga Satumba. In ban zo da jita mai lafiya ba, Chinonso, ɗayan mai jitarmu, shi ne zai ja gaba, ni kuma in koma kaɗa gora a baya.

Don haka, Kawu, ka taimake ni. Ka taɓa ce mini daga wani kanti na Legas ta fito. Ka je can ka nemo mini sabuwa irinta sak, da tambarin tsuntsuwar nan na ƙarfe a kanta. Ka ba direban jirgin ƙasa ko duk wanda ka yarda da shi.

Ɗanka,
Isaac, wanda kai kaɗai ke kira Ishaku

Apapa, Legas
29 ga Yuli, 1979

Ishaku,

Na gode wa Allah da na ji kuna lafiya. Gwiwa tana nan tana aikinta, ni ma ina nawa. Ka gaida Abigail, ka ce ta riƙa rufe wa maƙwabta kwano. Ka ce wa innarka na ji, zan zo.

Na yi murna da labarin bikin, har na karanta wa abokan aikina sau biyu.

Zancen jita kuwa, kantin nan ba za a same shi ba. Shawarata ita ce ka ɗauki ta Amurkar da Victor ya ba ka. Jita jita ce, ɗana. Kada rantsuwar da ka yi cikin zafin kai ta hana ka ranar da ka daɗe kana jira. Ita tsohuwar ka goge ta, ka naɗe a zane, ka ajiye ta inda ruwa ba ya zuwa. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka bari kowa ya kwance murfin bayanta.

Nan ma kowace Asabar muna layin zaɓe, rana na dukanmu muna dariya. Ban taɓa tsammanin zan ga wannan da idona ba kafin in yi ritaya.

Kawunka,
Daniel

Nasarawa, Kaduna
12 ga Agusta, 1979

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai Hope ta yi ɗan mura ta warke. Jiya muka jefa ƙuri'ar ƙarshe, babban yatsana har yanzu da tawada.

Na karanta takardarka sau biyar, kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba. "Jita jita ce." Kai da bakinka, Kawu? Na gane abin da kake nufi. Kana ganin hannuna bai kai a wahala a nemo masa Mai Tsattsewa ba, kowace ma ta ishe ni. To ka zo ka ji ni kafin ka yanke hukunci. Ba yaron nan ba ne da ka bari yana tsinka waya.

Duk da haka na bi maganarka, don ba a ce na raina babba ba. Ran Lahadi bayan sujada na ɗauki ta Amurkar a wurin gwaji. Kyau kam tana da shi, ja wur, tana ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a jikinta. Amma ka tuna ƙaramin yatsana na hagu da dutse ya datse a ramin kuza ina yaro? A kan wannan jita ba ya kaiwa ko'ina. Ina miƙa shi yana faɗawa fili. Babban yatsana yana ta laluben wurin zamansa a bayan wuya, babu. Na yi waƙa uku kamar wanda ya sa takalmin wani. Chinonso yana gefe yana kallon sama, wai shi ba dariya yake yi ba.

A nan ne na ƙara sanin darajar kamfanin nan. Ka duba fa, Kawu. Wuyan Mai Tsattsewa ya fi siriri ta ƙasa, daidai inda gajeren yatsa zai kai. A bayansa akwai ɗan kwarmi da babban yatsa ke kwanciya. Wane kamfani ne a duniya zai zauna ya yi tunanin mutum mai guntun yatsa in ba su ba? Ga kuma muryarta. Ta Amurka tana ihu, tawa kuwa magana take yi, da ɗan kauri a ƙasa irin na mawaƙan majami'armu ta gida. Na faɗa wa Victor haka, ya ce, "Isaac, kai dai aure ka yi da jitar nan, Abigail ce ba ta sani ba." Abigail ta ce ta sani tun kafin a ɗaura.

Na sa 'yan kasuwa sun tambaya mini a Kano da Anaca, babu wanda ya taɓa jin sunan. Wannan ya nuna maka ba kayan kowa da kowa ba ne. Yanzu haka makaɗa uku, har da wani daga Rido cikin masu ginin matatar mai, sun ce in ka samo kantin su ma suna so.

Maganar murfi kuwa kada ka damu. Na san manyan kamfanoni ba sa son a ga sirrin aikinsu. Cyril, Inyamurin nan mai naɗa wayar fanka da injin ruwa a Kakuri, ya yi ta roƙona in bari ya duba cikinta, na hana.

Ka sake dubawa, don Allah. In kantin ya tashi, ai wani wuri ya koma. Saura sati biyar da 'yan kwanaki.

Ɗanka,
Ishaku

Nasarawa, Kaduna
9 ga Satumba, 1979

Kawu Daniel,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, ba ciwo ba. Kullum in na tashi aikin safe sai na biya gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Mu muna lafiya. In maganata ta wancan karo ta yi zafi, ka yafe mini.

Akwai abin da ya faru, kuma ban san yadda zan fara ba.

Ran Alhamis ina wurin aiki, Abigail ta gaji da ganina ina zaune ina kallon jita kamar mai jinya. Ta naɗe ta a zaninta, ta goya Hope, ta kai wa Cyril. Da na dawo ta ce, "Baban Hope, ka ci abinci tukuna, sannan ka yi faɗan." Ban ci ba. Da gudu na isa shagon, amma na tarar ya riga ya kwance murfin.

Cyril na ganina ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Nna, ɗan'uwa, zo ka ga kamfaninka!" Ya nuna mini maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ya ce na tsohuwar rediyo ne. Wayar da aka naɗe shi da ita, da hannu aka naɗa. An tokare shi da kwalin ashana. Sannan ya ƙwanƙwasa tsuntsuwar da farce ya ce, "Wannan kuma tambarin keke ne, Oga Isaac. Babana ya yi irin keken a ƙauye." Ya so ya ɓamɓare ta ya nuna mini, na riƙe hannunsa.

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara goma sha biyu ina cika baki a kan tambarin keke! Na tuna duk wanda na yi musu da shi, na tuna mutum ukun nan da ke jiran saƙo daga Legas.

Sai Cyril ya daina dariya, ya juya murfin ya miƙo mini. A cikinsa akwai rubutu da fensir, kuma na san hannun. "Daniel ya yi wannan domin Ishaku. Bukuru, 1967. Ya Ubangiji, ka sa yaron nan ya sake yin dariya."

Shekarar da aka binne Baba ke nan. Kawu, na zauna a kan bencin Cyril na yi kuka a gaban masu kawo gyaran fanka, ban damu da kowa ba.

Cyril ya ce zai iya gwada naɗa wayar, amma bai san adadin zagayen ba, kuma wuyan ya fi ƙarfinsa. Saura kwana goma sha ɗaya. Amma ba wannan ne ya fi damuna yanzu ba. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba? Kuma me ya sa ka yi shiru?

Ɗanka,
Ishaku

Apapa, Legas
2 ga Satumba, 1979

Ishaku ɗana,

Ina lafiya, gwiwa ma da sauƙi. Takardarka ta watan Agusta tana aljihuna kusan sati biyu. Na rubuta amsa sau huɗu ina yagawa. Wannan ta biyar ce, kuma zan kai ta gidan waya kafin in sake karantawa, don in na karanta zan yaga.

Ba hannunka na raina ba. Kaina nake jin kunya. Babu kantin, babu kamfanin. Ni na yi jitar nan.

Bayan rasuwar babanka ka yi wata huɗu ba ka magana. Abu ɗaya na ga yana sa ka ɗaga kai, wato in an sa faifan kiɗan hailaif a kulob ɗin ma'aikata, sai ka tsaya a bakin taga kana motsa yatsu. Jitar kanti ta fi ƙarfina a lokacin, kuma ko na samu, yatsanka ba zai kai ba. Sai na samo katakon maɗaci daga wata tsohuwar ƙofa, na ciro maganaɗisu daga rediyon da aka yar, na yi ta aiki a shago kowace Asabar har wata uku. Da na gama, na ji tsoro. Na ce in yaron nan ya san aikin kawunsa mai gyaran fitila ne, zai karɓa don ladabi ya jingine a lungu. Sai na ce maka daga Legas take. Na yi niyyar faɗa maka bayan shekara ɗaya, amma na ga yadda kake goge tsuntsuwar da bakin riga kana nuna wa abokai, bakina ya kasa.

Da na karanta inda kake yabon kamfanin da ya yi tunanin mai guntun yatsa, na shiga bayan injin na zauna. Abokin aikina ya ɗauka zazzaɓi ne.

Yanzu ga maganin ciwonta, in har kana sonta bayan ka ji wannan. Tsuntsuwar tambarin keke ce, kuma ba don ado kaɗai na sa ta ba. Kwance ƙananan kusoshinta biyu. A ƙarƙashinta akwai noti, a kan wani ƙarfe da na zura a tsakiyar wuyan tun daga sama har ƙasa. Ka sassauta wayoyi, ka juya notin zuwa dama rubu'in zagaye, ka bar ta ta huta har washegari, ka sake. Kada ka yi gaggawa, na san halinka. Sau uku zai isa. Gunjin kuma ruwa ne ya shiga naɗin. Ka kai wa Cyril ɗin nan, ya warware ya sake naɗawa da waya mafi siriri da yake da ita, zagaye dubu shida, ya tsoma a narkakken kakin zuma. Kwalin ashanar da zai gani a ciki ya bar shi, yana da aikinsa.

In kuwa kunya ta hana ka fita da ita, ba zan ga laifinka ba. Ka ɗauki ta Amurka, ka yi kiɗanka. Ni na ja maka wannan, ka yafe mini.

Kawunka,
Daniel

Nasarawa, Kaduna
3 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga Manajan Kamfanin Tsattsewa,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa! Duk muna lafiya, sai muryata da ta dushe da ihu. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta biyu ga Satumba ba ta iso ba sai ran sha bakwai, saura kwana uku wa'adin Victor ya cika. A tsaye na karanta ta a gidan waya, na rungume mai ba da wasiƙu, na ruga Kakuri.

Mun bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaga tsuntsuwar na ga notin nan zaune yana jirana shekara goma sha biyu, sai da na yi masa sannu. Abigail ce ta ƙwace sifana ta ɓoye bayan juyin farko, don ta ga ina shirin ƙarawa. Cyril ya rufe shagonsa yini guda yana naɗi yana ƙirga da Inyamuranci, duk wanda ya yi masa magana sai ya daka masa tsawa. Kakin zuma kuwa wurin wata tsohuwa a Kakau aka samo. Ran ashirin da yamma na shiga wurin gwaji na jona ta. Shiru, babu gunji. Na taɓa waya ɗaya. Victor ya sauke ƙahonsa ya ce, "To, matar Isaac ta tashi."

Labarin keke kuwa ya riga ni isa, don bakin Cyril ba shi da murfi. Kwana biyu duk inda na bi sai in ji ana buga mini ƙararrawar keke da baki. Na sha, ban musa ba.

Ran Litinin filin ya cika maƙil. Masaƙa, 'yan kasuwa, matan zumunta na majami'a da ɗankwali iri ɗaya, har da waɗansu sojoji da suka zo cikin kayan gida suna rawa fiye da kowa. Kafin mu fara, wani daga cikin taro ya yi ihu, "Isaac, ina ka ajiye keken?" Fili ya ɗauki dariya. Na jira dariyar ta lafa. Sai na karɓi makirufo daga hannun Victor na ce, "Jama'a, gaskiya ne. Na ce muku babu kamfanin da ya kai na wannan jita, kuma ban janye ba. Kamfanin mutum ɗaya ne, sunansa Daniel, kawuna ne, kuma mutum ɗaya ya yi wa aiki." Sannan na ɗaga guntun yatsana sama, na sauke shi a kan waya.

Kawu, da ma kana nan. Awa huɗu ba a bar mu mun huta ba. Chinonso da kansa ya matso yana bi na a baya da jar jitar Amurkar nan, muna amsa wa juna, ƙura na tashi. Na hango Abigail da Hope a kafaɗa tana nuna ni tana faɗa wa matan da ke kusa da ita wani abu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da aka haife ni.

Ka ce in yafe maka. Na yafe ƙaryar kantin. Abin da ban yafe ba shi ne "jita jita ce", sai ka zo da kanka ka janye.

Yanzu maganar kasuwanci. Mutum ukun nan ba su fasa ba, sun ma zama huɗu, don Chinonso ya same ni a gefe ya ce kada in faɗa wa kowa. Abigail ta zaga masu gyaran keke daga Nasarawa har Sabon Tasha. Abin da ka ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan, tsattsewa huɗu ne.

Mai sayen kayanku na farko,
Ishaku

Apapa, Legas
21 ga Oktoba, 1979

Ishaku,

Ina lafiya. Wasiƙunka biyu sun iso, tsuntsaye ma sun iso lafiya, ɗaya ce kawai ta ɗan lanƙwashe a fiffike, na gyara. Na janye maganar. Jita ba jita ba ce.

Na nemi hutun Kirsimeti, an ba ni. Zan sauka Kaduna da akwatin kayan aiki, daga nan mu wuce Bukuru tare, kafin innarka ta cire ni daga dangi. Ka sa a nemo tsohuwar ƙofar maɗaci, wadda ta bushe sosai.

Su mutum huɗun, kowa ya ɗora hannunsa na hagu a kan farar takarda, ya buɗe yatsu, a zagaye da fensir, ka aiko mini. Ba na fara yanka katako sai na ga hannun mai shi. Naka ma haka na yi, wata rana da ka yi barci a gindin mangwaron bayan shago, hawaye bai gama bushewa a fuskarka ba. Takardar tana cikin Littafina Mai Tsarki har yau. Zan zo da ita mu gwada mu ga yadda hannun ya girma.

Kawunka,
Daniel